Rubuta ƙananan lambobi a salon kimiyya

Salon kimiyya hanya ce ta rubuta adadi kashi biyu: lambar da ta kai 1 amma ba ta kai 10 ba, sau goma mai ɗauke da 'yar lamba a ka. Idan adadin bai kai ɗaya ba, 'yar lambar takan zo da alamar ragi. Misali, 0.00045 ana rubuta shi 4.5 × 10⁻⁴.

Yadda ake yi

Ana matsar da ɗigo dama har ya tsallake lambar farko da ba sifili ba, sannan a ƙirga gidajen da ya wuce. Yawansu shi ake ɗora wa goma. A 0.00045 ɗigon ya wuce gida 4, kuma 10⁻⁴ ɗaya ne bisa dubu goma. Masu koyo sukan ƙirga sifilan bayan ɗigo kaɗai, sai su sami 3, wanda kuskure ne. Haka nan 10⁻⁶ ya fi 10⁻³ ƙanƙanta sau dubu, duk da cewa 6 ta fi 3.

Sifilin ƙarshe ba a zubar da shi in awo ne ya ba da shi: 0.00450 yakan zama 4.50 × 10⁻³.

Tarihi

Salon ya samu ne daga haɗuwar abubuwa biyu. Na farko shi ne rubuta ɓangaren lamba a ma'aunin goma, wato lambobin da ke bayan ɗigo. Wannan ya bayyana a aikin masanin lissafi al-Uƙlidisi, wanda ya yi rubutu a Dimashƙa wajen shekarar 952, ko da yake masana sun saɓa kan zurfin fahimtarsa da shi. Al-Kashi ya tsara shi sosai a Samarkand a 1427, sai Simon Stevin ya yaɗa shi a Turai a 1585.

Na biyu shi ne 'yar lambar kai. Bafaranshe Nicolas Chuquet ya yi amfani da ita har da mai ragi a 1484, sai dai rubutunsa ya daɗe a ajiye, ba a buga shi ba sai 1880. René Descartes ya kafa siffar da aka saba gani yanzu a 1637, amma ga cikakkun lambobi marasa ragi kawai. Isaac Newton ne ya faɗaɗa ta zuwa masu ragi a wasiƙunsa na 1676. Bayan nan salon ya samu gindin zama a hankali wurin masana kimiyya.

Amfani

Nauyin ilektiron, ɗaya daga cikin ƙananan ƙwayoyin da ke cikin atam, kusan kilogiram 9.109 × 10⁻³¹ ne. Da za a rubuta shi a miƙe, sai an jera sifili 30 bayan ɗigo. Kwamfuta da kalkuleta sukan sa harafin E a madadin goma, wato 4.5E-4, al'adar da ta faro tun harshen shirya manhajar kwamfuta na Fortran a shekarun 1950.