Littattafan kasadar teku

Littattafan kasadar teku wani reshe ne na ƙagaggun labarai da ake ginawa kan tafiya a jirgin ruwa a zamanin da, tun jirage ba su da inji sai igiya da manyan ƙyallaye da iska ke turawa, yawanci tsakanin ƙarni na 17 zuwa farkon na 19. Galibi tauraron labarin yaro ne ɗan shekara goma sha wani abu da ya bar gida ya shiga jirgi, daga nan sai guguwa, sai 'yan fashin teku, sai tsibirin da ba kowa, wani lokacin kuma taswirar dukiyar da aka binne. 'Yan ƙarshen firamare da 'yan ƙaramar sakandare su suka fi son su, har a nan Kaduna inda babban ruwan da yaro ya sani shi ne kogin Kaduna in ya cika da damina, za ka samu wanda ya haddace sunan kowane matuƙi a littafi alhali bai taɓa ganin teku da idonsa ba.

Asali

Labarin teku ya girmi littafin bugawa nesa ba kusa ba. Yaron da ya yi Islamiyya ya riga ya ji jirgin Annabi Nuhu, da Annabi Yunusa a cikin kifi, da jirgin talakawan nan da aka huda a Suratul Kahfi saboda akwai sarki a gabansu mai ƙwace jirage da ƙarfin tsiya, wanda ke zuwa coci kuma ya san yadda jirgin Bulus ya farfashe a tsibirin Malta. Sannan ga Sindibad na Dare Dubu da Ɗaya, attajirin Bagadaza da ya yi tafiya bakwai ta tashar Basra, wanda ya taɓa sauka a bayan wani ƙaton kifi yana zaton tsibiri ne.

Amma salon da ake magana a kai a Ingila ya kafu. Masana da yawa suna fara lissafi daga Robinson Crusoe na Daniel Defoe da ya fito a 1719, labarin mutumin da jirginsa ya nutse ya yi shekara 28 a tsibiri. An yi ittifaƙi cewa Defoe ya ɗauki wani abu daga labarin gaske na Alexander Selkirk, wani matuƙi ɗan Sikotilan da ya yi rigima da kyaftin ɗinsa kan cewa jirginsu ya ruɓe, aka sauke shi a wani tsibiri daura da ƙasar Cile a 1704, ya zauna shi kaɗai yana farautar awaki har 1709 da wani jirgi ya ɗauke shi. Jirgin da ya ƙi bi ɗin kuwa daga baya nutsewa ya yi.

Wanda ya mayar da abin na yara sosai shi ne Robert Louis Stevenson. A 1881 yana hutu a Sikotilan ana ta ruwan sama, shi da agolansa suka zana taswirar wani tsibiri don ɗebe kewa, daga taswirar nan ne labarin Treasure Island ya taso. An fara buga shi kashi-kashi a wata mujallar yara daga ƙarshen 1881 zuwa farkon 1882 da sunan aro, sai a 1883 ya fito a matsayin littafi. Kusan duk abin da yaro ke hangowa yau in an ce ɗan fashin teku, mai ƙafa ɗaya da aku a kafaɗa da taswira mai alamar inda dukiya take, daga wannan littafin ya yaɗu. A ƙarni na 20 an samu marubuta irin su C. S. Forester da Patrick O'Brian da suka koma kan sojan ruwan Ingila lokacin yaƙin Nafoliyon, amma nasu ya fi dacewa da manya.

'Yan fashin teku na gaske

Nan ne tarihi ya fi labarin nauyi. Zamanin da fashin teku ya yi tashe a Tekun Atlantika da yankin Karebiyan ana sa shi daga wajen 1650 zuwa wajen 1730, kuma yawancin abin da marubuta suka sani a kai daga wani littafin tarihin 'yan fashi ne da aka buga a Landan a 1724 da sunan Kyaftin Charles Johnson, wanda har yanzu ba a daidaita kan ko wane ne shi ba, wasu ma sun ce Defoe ne. A ciki ne aka ba da labarin Edward Teach mai baƙin gemu wanda aka kashe a Nuwamban 1718 a gaɓar Amurka.

Binne dukiya da littattafai suka cika da shi ba al'adarsu ba ce. Ɗan fashi in ya samu ganima rabawa ake yi a kashe a tashar da aka fara sauka, kuma ganimar ma sau da yawa ba zinari ba ce, sukari ne da taba da yadi da magani. Wanda aka tabbatar ya binne wani abu shi ne William Kidd a 1699 kusa da New York, shi ma hukuma ta tone, aka rataye shi a Landan a 1701.

Abin da yaranmu ba su cika sani ba shi ne babban kaso na wannan tarihi a gaɓar Afirka ta Yamma ya faru. Bartholomew Roberts, wanda aka ce ya kama jirage wajen 400, ma'aikaci ne a jirgin bayi lokacin da 'yan fashi suka kama shi a gaɓar Gana ta yau a 1719, cikin 'yan makonni ya zama shugabansu. A farkon 1722 ya shiga tashar Wida a ƙasar Binin ta yanzu, wani kyaftin ya ƙi biyan kuɗin fansa, mutanen Roberts suka cinna wa jirginsa wuta da bayi wajen 80 a ɗaure a ciki. A watan Fabrairun shekarar jirgin yaƙin Ingila ya kashe shi a gaɓar Gabon, aka kai mutanensa kurkukun Cape Coast a Gana aka yi musu shari'a, aka rataye 52, baƙaƙen fata gommai da aka samu a jiragensa kuma ba a ma yi musu shari'a ba, sayar da su aka yi. Tekun da yaro ke karantawa cikin nishaɗi shi ne dai tekun da aka bi da 'yan Afirka kimanin miliyan 12 da rabi zuwa bauta, kuma shi kansa Crusoe a labarin, yana kan hanyar zuwa sayo bayi ne daga gonarsa ta Birazil jirginsa ya nutse. Bugun da ake taƙaita wa yara yakan wuce wannan da sauri, bai kamata ba.

Rayuwa a cikin jirgi

Marubutan kirki suna ba wannan fanni haƙƙinsa kuma yara suna jin daɗinsa. Yaron jirgi kamar yaron mota yake a tashar Kawo, shi ne aike shi ne shara shi ne shan tsawa, a jirgin yaƙi kuma shi ke ɗauko albarushi da gudu ya kai wa masu igwa. Abinci busasshen biskit ne mai tsutsa da nama mai gishiri, ruwan sha a ganga yake har ya canza launi. Ciwon da ya fi kashe matuƙa a doguwar tafiya shi ne wanda rashin bitamin C ke kawowa, dasashi ya kumbura, haƙora su zube, tsohon rauni ya sake buɗewa. A 1747 wani likitan sojan ruwa James Lind ya gwada magunguna daban-daban a kan marasa lafiya 12, waɗanda aka ba lemu da lemun tsami su suka warke, amma sai a 1795 sojan ruwan Ingila suka fara raba ruwan lemun tsami a hukumance.

Sanin inda jirgi yake a tsakiyar ruwa ma babban aiki ne. Arewa da kudu ana ganewa da tsayin rana ko tauraro, gabas da yamma kuwa sai da agogon da ba ya ƙarya, shi ya sa a 1714 majalisar Birtaniya ta sa ladan da ya kai fam 20,000 ga wanda ya warware matsalar, wani kafinta mai suna John Harrison ya ƙare rayuwarsa yana ƙera agoguna har wanda aka gwada a tafiyar Jamaika a 1761. Larabawan Tekun Indiya suna da nasu ilimin tun kafin nan, Ahmad bin Majid ya rubuta littafin hanyoyin teku da taurari a ƙarshen ƙarni na 15. Batun cewa shi ya nuna wa matuƙin Fotugal Vasco da Gama hanyar Indiya a 1498, yawancin masana sun ƙi yarda.

Hausawa da teku

Ƙasar Hausa ba ta da gaɓa, don haka kasadar da ke cikin littattafan farko da suka fito daga gasar rubuta littattafan Hausa ta Zariya ta 1933 yawanci a tudu take, Shaihu Umar misali hamada ya ratsa. Amma Bahaushe ya hau teku kuma ya ba da labari. Dorugu, yaro daga ƙasar Damagaram da aka kama bauta sannan aka 'yanta shi, ya bi Bajamushe mai yawon bincike Heinrich Barth a 1855 suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa a Bahar Rum har dai suka isa Landan, yana ɗan shekara goma sha biyar ko kusa da haka. Wani malamin mishan J. F. Schön ya rubuta labarin daga bakinsa da Hausa, ya shiga littafin Magana Hausa na 1885. Dorugu ya dawo gida, ya rasu a Kano wajen 1912. In ana neman yaron da ya dace da tauraron irin wannan labari, ga shi nan namu, kuma na gaske ne.

Akwai kuma Mahommah Baquaqua mutumin Jugu da ke ƙasar Binin ta yanzu, wanda aka ce mahaifiyarsa asalinta Katsina, aka kai shi Birazil bauta, ya yi aiki a jirgin ruwa, ya tsere a New York a 1847, aka buga tarihinsa a 1854. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu tare da wasu 'yan jaridan Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Sannan ga alhazan da, masu tafiya ta ƙasa su ratsa Cadi da Sudan shekara da shekaru kafin su tsallaka Bahar Maliya daga Suwakin zuwa Jidda, gidaje da yawa a Arewa suna da kakan da ya yi wannan tafiya.

Labarin sarkin Mali da ya gabaci Mansa Musa, wanda marubucin tarihin Larabawa Al-Umari ya ruwaito cewa ya tura jirage 200 cike da mutane da wasu 200 na guzuri cikin Atlantika sannan ya bi da 2,000 bai dawo ba, ana ta muhawara a kai. Wasu na cewa jiragen sun isa Amurka, amma babu hujjar haka.

Abin da ke jan yara

Na farko dai mai ba da labarin sa'ansu ne. A littafin Stevenson yaro ne ya shiga gangar tuffa ya ji makircin da manya ba su ji ba, shi ne kuma ya tsirar da su, yaron da a gida kullum ake ce masa yi shiru manya na magana ba ƙaramin daɗi yake ji ba in ya ga haka. Na biyu babi gajere ne kuma yana ƙarewa a daidai inda hankali ya tashi, wannan gadon buga shi kashi-kashi ne a mujalla. Ga kuma mugun da ba a gane shi da wuri, mai dafa abincin jirgi ne, mai fara'a da son yara, sai daga baya a ga shi ne uban tafiyar, yara sukan daɗe suna gardama ko mutumin kirki ne ko mugu, kuma irin wannan gardamar alama ce karatun ya shiga.

A unguwanni irin su Tudun Wada da Unguwar Rimi da Barnawa littafin yakan zo ne ta hannun yaya ko daga tsofaffin littattafan da ake shimfiɗawa a bakin titi, bango ya yage, an liƙe bayansa da salatif, sunayen mutum uku ko huɗu a shafin farko kowa ya soke na wanda ya gabace shi. Yana zagaya aji da sharaɗin a dawo da shi gobe, in aka yi rashin sa'a shafukan ƙarshe sun zube sai a nemo wanda ya karanta tun yana cikakke a zauna a gindin bishiya ya ƙarasa da baki. Bayan nan za ka ga bayan littafin lissafi ya cika da zanen tsibiri, da bishiyar dabino da kibiya mai nuna arewa da gicciye a inda dukiya take. 'Yan mata ma suna karantawa sosai, duk da tsofaffin littattafan kusan babu mace a cikinsu, alhali tarihi ya san Anne Bonny da Mary Read da aka yi wa shari'ar fashin teku a Jamaika a 1720.

Malaman Turanci suna son su don suna sa yaro ya buɗe ƙamus da kansa.

Saɓani

Wasu iyaye suna ƙorafin giya da kisa da mayar da ɓarawo gwarzo. Masu nazari kuma suna sukar yadda tsofaffin littattafan ke nuna mutanen tsibirai da baƙaƙen fata a matsayin marasa wayewa masu jiran Bature. Masu kare su suna cewa a bar yaro ya karanta, a zauna da shi a faɗa masa tarihin da aka tsallake.

Halin yanzu

Tsofaffin littattafan irin na Defoe da Stevenson sun fita daga haƙƙin mallaka, ana sauke su kyauta a intanet a karanta a waya, yara da yawa kuma ta fim da katun suka fara sanin labarin kafin littafin. Waɗanda aka rubuta da Hausa kai tsaye a wannan salo kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da littattafan soyayya da na yaƙi, duk da cewa Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta NDA da aka kafa a Kaduna a 1964 har da hafsoshin sojan ruwa take yayewa.