Kamun kifin walleye a tsakiyar lokacin zafi: tambayoyi kan kifin da kan ƙwarin da ke cizo

Wane irin kifi ne walleye?

Kifin ruwan daɗi ne na Arewacin Amurka. Ana samunsa da yawa a tafkin Erie da tafkin Lake of the Woods da ke kan iyakar Amurka da Kanada, kuma jihar Minnesota ta ayyana shi kifin jiha tun 1965. Sirrinsa a idonsa yake: akwai wani shimfiɗi a bayan idon da ke mayar da haske, shi ya sa yake gani sosai cikin duhu da ruwa mai gurɓi, amma ba ya son hasken rana mai ƙarfi.

Me ya sa kamunsa ke wuya a watan Yuli?

Idan saman ruwa ya ɗumama, kifin yakan sauka ƙasa, ya laɓe a gefen duwatsu ko bakin ciyawar ruwa. Ga shi kuma a ƙoshe yake. Daga ƙarshen Yuni ne wasu ƙwari masu fiffike ke fitowa daga lakar tafki da yawan gaske, kamar yadda shinge ke tashi bayan ruwan farko, kifin ya yi ta cin tsutsarsu. Mai fatsa ya saka tana ko matsattsaku a ƙugiya, kifin ko kallo ba zai yi ba. Dabarar ita ce a fita da sanyin asuba, ko da almuru, ko ranar da iska ke kaɗa ruwa, sannan a ja ƙugiyar a hankali dab da ƙasa.

To, ina ƙwari suka shigo cikin maganar?

A nan gizo ke saƙar. Lokacin da walleye ke fitowa farauta shi ne lokacin da sauro ke tashi. Da rana ma ba hutu: akwai manyan ƙudaje masu zagaya kai suna yanka fata, da wani ƙuda mai kama da na gida da ke bin kwalekwale yana cizon idon sawu ta cikin safa. Baƙin ƙuda ƙarami da ke hayayyafa a ruwa mai gudu ya fi yawa a Mayu da Yuni. Danginsa ne ke yaɗa cutar makanta ta bakin rafi a Afirka, amma na Amurka da Kanada ba ya ɗauke da ita. Sauron can ma ba zazzaɓin cizon sauro ne abin tsoronsa ba. Cutar West Nile ce, wadda ta ɓulla a Amurka a 1999. A cikin ciyawar gaɓa kuma akwai kaska mai jawo cutar Lyme.

Wane magani ya fi dacewa?

DEET, wani sinadarin korar ƙwari, yana aiki, tun 1957 jama'a ke shafa shi. Illarsa ga mai fatsa ita ce yana lalata roba: tabarau, igiyar fatsa, har fuskar na'urar gano zurfi. Duk wanda ya shafa, ya wanke tafin hannunsa kafin ya taɓa ƙugiya da tana. A ganina picaridin, wani maganin shafawa na daban, mai kashi 20 cikin 100 ya fi, domin ba ya cin roba. Permethrin kuwa, wani maganin kashe ƙwari, a tufafi ake fesawa, ba a fata ba, kuma a gida, a bar shi ya bushe, saboda guba ne mai ƙarfi ga kifi. Fesa shi a bakin tafki ganganci ne.

Riga mai dogon hannu, mai haske, da hula mai raga suna rage cizo ƙwarai, tun da duhun kaya ke jan waɗannan ƙudaje. Iskar da ke sa kifin cin ƙugiya ita ce kuma ke kore sauro.

Ana iya sakin kifin da aka kama?

Ana iyawa, amma a zafi da yawa ba sa rayuwa. Wanda aka ciro daga zurfin da ya wuce mita 9, jakar iskar cikinsa kan kumbura har ya kasa nutsewa. Mutuwar kifin da aka saki ce ta sa hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minnesota ta rufe kamun walleye a tafkin Mille Lacs na tsawon watan Yuli a 2020. Wanda zai saki kifi, ya guji wuri mai zurfi sosai, ya cire ƙugiya da hanzari, hannunsa a jiƙe.