Brown & Sharpe da ƙirƙirarsa a fannin yankan ƙarfe

Brown & Sharpe tsohon kamfani ne na ƙera injinan sarrafa ƙarfe da kayan awo, wanda ya tashi a birnin Providence na jihar Rhode Island a Amurka. David Brown da ɗansa Joseph R. Brown ne suka buɗe shi a shekarar 1833, yana ɗan shagon ƙera agogo da gyaransa. Lucian Sharpe ya shigo a 1848 yana ɗan koyo, a 1853 ya zama abokin tarayya, sunansa ya hau allon shagon. An yi wa kamfanin rajista da sunan Brown & Sharpe Manufacturing Company a 1868. Sunansa ya fita ne ta takardun haƙƙin ƙirƙira uku da aka ba Joseph Brown: na wuƙar yankan ƙarfe a 1864, na injin sassaƙa a 1865, da na injin washi a 1877.

Daga agogo zuwa keken ɗinki

Hannun mai agogo ya saba da awo mai tsanani, kuma da wannan hannun Joseph Brown ya shiga harkar injina. A 1850 ya ƙera injin da ke zana layukan awo a jikin rula, shekara guda bayan haka ya fitar da ma'auni mai baki biyu da ke karanta kashi ɗaya cikin dubu na inci, a farashin da makaniki zai iya saye. A 1857 kamfanin ya tsara lambobin kaurin waya, waɗanda har yau ake aiki da su a Amurka da sunan AWG.

Abin da ya mayar da shagon masana'anta shi ne kwangilar ƙera keken ɗinki na Willcox & Gibbs, wadda aka fara a 1858. Keken ɗinki yana buƙatar ƙananan sassa masu yawa, kowanne daidai da ɗan'uwansa, ta yadda za a ɗauki na wannan keke a sa wa wancan ya zauna. Magagari da idon gwani ba za su iya wannan ba a kan dubban kekuna. Dole aka koma ƙera injinan da za su ƙera sassan.

Injin sassaƙa na 1862

Lokacin da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, kamfanin Providence Tool Company ya samu aikin ƙera bindigogi. Aikin na cin mahujin ƙarfe mai yawa, irin mai murɗaɗɗen kwari a jikinsa, kuma a wancan zamani da magagari ake goga kwarin, ɗaya bayan ɗaya. Frederick W. Howe, wanda ke kula da aikin a can, ya kai wa Brown wannan matsala. A watan Maris na 1862 aka kai wa Providence Tool Company injin farko, takardar haƙƙinsa kuma ta fito a watan Fabrairu na 1865.

Injin sassaƙa ya riga ƙirƙirar Brown zuwa duniya. Maƙeran bindiga na Amurka sun shafe shekaru arba'in da wani abu suna aiki da irinsa. Wuƙa ce mai haƙora da yawa take juyawa, ana tura ƙarfe a ƙarƙashinta tana cinsa. Abin da Brown ya ƙara shi ne ya ba teburin da ke riƙe ƙarfen 'yanci. Teburin yana kan wata gwiwa da ke hawa da sauka a jikin ginshiƙi, yana tafiya gaba da baya, hagu da dama, ana kuma iya karkata shi. Sannan ya haɗa kan da ke riƙe ƙarfen da sukurun da ke jan teburin ta hanyar giyoyi, don haka yayin da teburi ke tafiya, ƙarfen na mirginawa a hankali. Tafiya da mirginawa a tare su ne ke haifar da murɗaɗɗen kwari. In an canza giyoyin, tsawon murɗin ya canza.

Kan nan yana da wani aiki na biyu, shi ne raba da'ira kashi-kashi daidai. A tsarin Brown & Sharpe da ya zama na kowa, sai an juya hannun sau 40 kafin ƙarfen ya zagaya sau ɗaya, kuma akwai fayafayai masu zagayen ramuka da ake ƙirga ragowar juyi da su. Mai son yanka giya mai haƙora 24 zai raba 40 gida 24, ya samu juyi ɗaya da kashi biyu cikin uku. Sai ya zaɓi zagaye mai ramuka 18: bayan kowane haƙori ya yi juyi ɗaya ya ƙara ramuka 12. Lissafin ke nan da ake koya wa ɗaliban makarantun fasaha har gobe.

Wuƙar da washi ba ya ɓata siffarta

Injin sassaƙan ne ya fi jan ido, shi aka kai baje kolin Faris a 1867. Amma ƙirƙirar da ta fi zurfin tunani ita ce 'yar ƙaramar wuƙar da aka ba wa takarda a watan Nuwamba na 1864.

Matsalar ga ta. Kwarin da ke tsakanin haƙoran giya yana da lanƙwasa ta musamman. In ta kauce ko kaɗan, giyar za ta yi ƙara, ta yi zafi, ta cinye da wuri. Wuƙar da ke yanka kwarin dole ta ɗauki wannan siffa daidai. To wuƙa kuwa tana dakushewa. Kafin Brown, in ta dakushe sai a mayar da ita wuta ta yi laushi, a gyara kowane haƙori da magagari, a sake gasa ta a tsoma ta don ta yi tauri. Kowane zagaye siffar na ɗan gocewa, wani lokaci ma wutar ta lanƙwasa wuƙar baki ɗaya. Giyar da aka yanka yau ba ta zama daidai da ta watan jiya ba.

Brown ya sassaƙa kowane haƙorin wuƙar ta yadda siffarsa iri ɗaya ce daga fuska har ƙeya, sai dai yana ɗan sunkuyawa zuwa tsakiyar wuƙar don kada bayansa ya riƙa gogar aikin. Kamar a ce sandar rake ce: ko'ina ka datse, fuskar da za ta bayyana irin ta farko ce. Saboda haka in wuƙar ta dakushe, fuskar haƙorin kawai ake ɗorawa a dutsen washi, ba a taɓa gefe ko baya, ba a kuma kai ta wuta. Sabon bakin da ya fito yana da siffar tsohon. Ana ta wasawa har haƙorin ya sirance ya kasa ɗaukar nauyin yanka. Sharaɗi ɗaya ne: a wasa fuskar a miƙe zuwa tsakiyar wuƙar, in an karkata siffar ta tafi.

Daga nan kamfanin ya iya sayar da wuƙaƙen yanka giya a matsayin kaya na kanti. Lanƙwasar haƙori tana sauyawa da yawan haƙoran giya, don haka aka raba su rukuni takwas ga kowane girman haƙori. Lamba 8 tana yanka giya mai haƙora 12 zuwa 13, lamba 7 tana ɗaukar 14 zuwa 16, haka har lamba 1, wadda ke yanka daga 135 zuwa miƙaƙƙiyar sanda mai haƙora. Ƙaramin shago da ke da injin sassaƙa ɗaya da wuƙaƙen nan takwas zai iya yanka giyar da za ta haɗu da wadda aka yanka a wani gari. Masu sayar da kayan aiki har yanzu da waɗannan lambobi suke kiran wuƙaƙen.

Injin washi da ma'aunin aljihu

Sandar da ke riƙe allurar keken ɗinki ana taurara ta da wuta, wuta kuma na karkata ta, sannan ta yi taurin da wuƙa ba ta kama ta. Sai dutsen washi. Kamfanin ya fara da ɗora dutse mai juyawa a kan injin juya ƙarfe, daga baya Brown ya tsara injin washi na kansa, mai iya wasa miƙaƙƙiyar sanda, da mai tsini, da cikin rami. Ya rasu a watan Yuli na 1876, takardar ta fito a shekara mai bi bai gan ta ba.

Ma'aunin kauri mai sukuru, wanda mutane da yawa ke ɗauka na Brown & Sharpe ne, asalinsa na wani Bafaranshe ne, Jean Laurent Palmer, da ya yi masa rajista a 1848. Brown da Sharpe sun gan shi a Faris a 1867, suka gyara shi ya zama abin sawa a aljihu don auna kaurin fallen ƙarfe, suka kuma yaɗa shi a kasuwa.

Waɗanda suka fito daga gidan, da ƙarshen kamfanin

Henry M. Leland ya yi kusan shekara goma sha takwas a kamfanin kafin ya koma Detroit, inda ya jagoranci kafa Cadillac a 1902, ya kai tsananin awon Providence cikin ƙera mota. Charles H. Norton ya shiga a 1886, ya gyara injin washin Brown, amma yana ganin ya kamata a yi inji mai nauyi da faffaɗan dutse wanda zai ci ƙarfe da yawa, ba shafar ƙarshe kawai ba. Da bai samu goyon baya ba sai ya tafi Worcester, aka kafa Norton Grinding Company a 1900.

Kamfanin ya bar Providence zuwa North Kingstown a 1964. Yajin aikin da ma'aikatansa suka fara a 1981 ya ɗauki shekaru, yana cikin mafi tsawo a tarihin Amurka, ga kuma injinan Japan da Turai sun cika kasuwa. Sannu a hankali ya daina ƙera injinan yanka ya tsaya ga kayan awo, a 2001 kuma kamfanin Hexagon na Suwidin ya sayi wannan ɓangare tare da sunan.