Yadda kwaɗo ya raba gardama kan aikin ƙoda

Wannan maganar da ake koyarwa yanzu kamar ba komai, cewa ƙoda tana tace ruwa wajen lita 180 daga jini kullum amma fitsarin da ke fita bai fi lita ɗaya da rabi ba, sai da masana suka shekara tamanin suna ja-in-ja a kanta. Lita 180 fa, jarka mai lita 25 guda bakwai da ɗoriya, amma abin da mutum ke zubarwa a banɗaki ledar fiya wata uku ce kacal.

Tun 1666 Malpighi ɗan Italiya ya hango wasu ƴan ƙulle-ƙullen jijiyoyin jini cikin ƙoda. A 1842 William Bowman a Landan ya nuna kowane ƙulli yana zaune ne cikin ɗan kwano, kwanon kuma haɗe yake da siririn bututu. A wannan tsakanin Carl Ludwig na Jamus ya ce ai ƙarfin jini ne ke matso ruwa ta ƙullin, kamar yadda ake tace gasara a ƙyalle, sai bututun ya mayar da yawancinsa cikin jiki. Wani masanin Jamus, Rudolf Heidenhain, bai yarda ba sam, a 1874 ya ɗura wa zomaye rini ya ga rinin ya taru a bangon bututun, ya ce to ga shi nan, bututun ne ke tsamo datti daga jini da kansa, ina dalilin da jiki zai zubar da ruwa mai yawa haka kuma ya dawo yana kwasa.

Ni wurin da ya fi burge ni shi ne 1924 a Filadelfiya ta Amurka. Wasu masana biyu, Wearn da Richards, suka samu allura mai tsananin siranta suka soka cikin wancan kwanon a ƙodar kwaɗo mai rai, suka zuƙo ɗan ɗigon da ido da ƙyar yake gani. Da suka auna sai ga suga da gishiri a ciki, babu furotin, alhali fitsarin da ke mafitsarar kwaɗon babu suga. Kenan an tace sugan ya fita, a hanya aka dawo da shi.

Shi ma Heidenhain bai faɗi ƙasa banza ba, bututun yana tura wasu abubuwan waje da kansa, irin su maganin fenisilin. Kuma ƙarfin kwasarsa yana da iyaka, idan suga ya haura wajen 180 a awon jini sai ya fi ƙarfin bututun ragowar ya bi fitsari, shi ya sa za ka ga tururuwa ta yanyame inda mai ciwon suga ya tsuguna.