Waiwaye: Daga Sharpeville zuwa yau, ina aka kwana a yaƙin duniya da wariyar launin fata?

Maganar nan ta daɗe fa, tun 1900 aka yi taron 'yan kishin Afirka a Landan, su W.E.B. Du Bois suna ciki, amma abin da ya tashi duniya daga barci shi ne kisan da aka yi a garin Sharpeville. Ranar 21 ga Maris 1960 'yan sandan Afirka ta Kudu suka buɗe wuta kan baƙaƙen fata da suka fito zanga-zangar ƙin dokar yawo da fas a ƙasarsu ta haihuwa, mutum 69 suka mutu, da yawansu ta baya aka harbe su suna gudu. Shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wannan rana a 1966 don yaƙi da wariya, bayan ta amince da yarjejeniyar kawar da wariyar launin fata a Disambar 1965.

Ni dai a ganina lokacin da aka yi da gaske shi ne zamanin yaƙi da mulkin wariya, saboda ba a tsaya a takarda ba, an taɓa aljihu an taɓa mutunci. Ƙasashen Afirka suka ƙaurace wa wasannin Olamfik na Montreal a 1976, a 1977 Kwamitin Sulhu ya haramta sayar wa gwamnatin fararen fata makamai, kuma mu ma da hannunmu a ciki, don Najeriya ta daɗe tana shugabantar kwamitin Majalisar na yaƙi da wariya, marigayi Ɗan Masanin Kano Maitama Sule ya riƙe kujerar, Janar Joe Garba ma ya riƙe. A 1994 Mandela ya zama shugaban ƙasa.

To da aka zo kan batun cinikin bayi da diyya sai tafiya ta koma ta hawainiya. A 1993 an yi taron diyya a Abuja, Abiola ne kan gaba. Sai babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan wariyar launin fata da aka yi a Durban ta Afirka ta Kudu a 2001, inda Amurka da Isra'ila suka fice kan rikicin Falasɗinu, ƙasashen Turai kuma suka yi ta ja-in-ja kan kalmomi don kar a ce sun amsa laifi a kai su kotu. A ƙarshe an rubuta cewa bauta laifi ne ga bil'adama, amma maganar biya babu ita. Abin da ke ci min rai shi ne an taɓa biyan diyyar ai, Ingila ta ware fam miliyan 20 a 1833 ta biya masu bayin, su bayin ko sisi, Faransa kuma ta ɗora wa Haiti bashin faran miliyan 150 a 1825 wai kuɗin 'yancin da ta ƙwata da jininta.

Daga nan sai Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga ware shekaru, 2015 zuwa 2024 na mutanen da ke da asali da Afirka, yanzu an ƙara wasu goma har 2034. Kisan George Floyd, baƙar fatar Amurka da ɗan sanda ya kashe a Mayun 2020, ya ɗan motsa abin, ƙasashen Afirka ƙarƙashin Burkina Faso suka nemi muhawarar gaggawa a hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar a Geneva, ƙanin Floyd ya yi jawabi, a 2021 aka kafa zaure na dindindin kan mutanen da ke da asali da Afirka. Firayim ministan Holan ya nemi afuwa kan rawar ƙasarsa a bautar da bayi a 2022, Tarayyar Afirka ta sa diyya ta zama takenta na 2025. Duk madalla, sai dai zauren shawara kawai yake bayarwa, ba ya hukunta kowa.

Akwai kuma ɓangaren da ya fi kusa da mu wanda tarukan ba su cika zafafawa a kai ba. A 2017 CNN ta nuna bidiyon gwanjon 'yan ci-rani a Libiya, yaranmu ne da yawansu suka bi ta Agadas, ana kiran farashinsu a dinarin Libiya. A 2023 bayan kalaman shugaban Tunisiya kan baƙaƙen baƙi, an kori mutane daga gidajen haya da wuraren aiki har wasu ƙasashe suka tura jirage kwaso 'yan ƙasarsu, kuma Libiya da Tunisiyar duk suna cikin waccan yarjejeniya ta 1965.