Orari: Tarawa da Gyaran Tsofaffin Na'urorin Duniyoyi

Orari na'ura ce ta tagulla ko katako da ke kwaikwayon yadda duniyarmu da sauran duniyoyi ke kewaya rana. Ƙwallon da ke tsakiya shi ne rana, sauran kuma suna kan sanduna. Idan aka murza mariƙi, faya-fayai masu haƙora irin na cikin agogo sai su juya kowace duniya gwargwadon saurinta. Sunan ya samo asali ne daga sarautar Charles Boyle, Earl na Orrery, wanda John Rowley ya ƙera wa irinta a Landan wajen 1712, bisa samfurin maƙeran agogo George Graham da Thomas Tompion.

Abin da ya fi jan hankalin masu tara su shi ne, kowace na'ura ta tsaya ne a kan ilimin zamanin da aka yi ta. Don haka mai saye a wurin gwanjo kan fara da ƙirga ƙwallaye. An gano duniyar Uranus a 1781, Naftun a 1846, watanni biyu na duniyar Mirrihi (Mars) kuma a 1877. Na'urar da aka ce ta 1760 ce, amma ga Uranus a jikinta, to ko dai an yi mata ƙari daga baya, ko kuma shekarun ba gaskiya ba ne. Bayan manya na sarakuna da jami'o'i, akwai ƙanana na aji, kamar waɗanda kamfanin Trippensee ya riƙa yi a Ditroit ta Amurka tun farkon ƙarni na 20, masu tafiya da sarƙa. Su ne talaka mai sha'awa ke iya mallaka. Cinikin tsofaffin ya ƙara wuya a Birtaniya tun 2022, da dokar hana sayar da hauren giwa ta fara aiki, domin da shi aka sassaƙa ƙwallayen da yawa daga cikinsu.

Gyara aiki ne na haƙuri. Mai gyara kan kwance na'urar guntu-guntu, yana ɗaukar hoto yana ƙirga haƙoran kowane faifai, saboda lissafin tafiyar duniyoyin duk yana cikin adadin haƙoran nan. Tsohon mai kan daskare a ramukan ƙusoshi ya yi kamar ƙaro, sai a kankare shi da tsinken katako, ba da ƙarfe ba. Takardar da aka buga watanni da buruji a kanta, wadda ke manne da gindin katako, ba ta son ruwa ko kaɗan. Babbar ɓarna kuwa ita ce goge tagulla har ta yi ƙyalli kamar sabuwa: gogar kan tafi da banish na asali da zanen hannun maƙerin, kuma ba su dawowa. Abin takaici ne yawan na'urorin da aka lalata haka da kyakkyawar niyya. Idan dole a sa sabon guntu, akan yi masa alama, a ajiye tsohon tare da na'urar.

Wasu sun sha wuya kafin su kai hannun masu gyara. Wadda David Rittenhouse ya ƙera, kwalejin Princeton ta saya aka kafa ta a can a 1771, ta lalace lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka. An kai ta baje koli a Shikago a 1893, daga nan aka manta da ita cikin akwati har 1948, sannan aka gyara ta.

Ta Eise Eisinga ba ta ga wannan ba. Mutumin mai sharce ulu ne a garin Franeker na ƙasar Holan, ya gina tasa a silin ɗakin zamansa daga 1774 zuwa 1781, da katako da ƙusoshi dubbai a madadin haƙora, agogo mai lilo yana jan ta. Ƙwallon duniyar Zuhal (Saturn) ɗinta kan yi shekara 29 da ɗoriya kafin ya zagaya ɗakin, daidai da na sama. UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2023. Uranus, da aka gano a shekarar da ya kammala aikin, bai samu wuri a silin ba.