Ma'anar "Ultramarathon": Gudun da Ya Zarce Fanfalaki, da Taƙaddamar Wane Ne Gwani

Duk mai bin labaran wasanni ya saba da gudun fanfalaki, wanda wasu ke kira gudun yada-ƙanin-wani, irin wanda ake yi a Legas kowace shekara, 'yan Kenya da Habasha su zo su kwashe kyaututtuka. Tsawonsa a ƙayyade yake a ko'ina cikin duniya: kilomita 42 da mita 195. Kalmar "ultramarathon" kuwa, wadda ta fara yawaita a kafafen sada zumunta, tana nufin duk wani gudu da ya haura wannan tsawo, don haka ana iya kiransa gudun wuce-fanfalaki. Ma'anar tana da ƙasa amma ba ta da sama. Wanda ya yi kilomita 50 a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta da safe ya koma gida ya ci abincin rana, da wanda ya kwana biyu yana hawa da gangarar duwatsu ba barci, da wanda ya shafe wata guda yana ratsa ƙasa daga teku zuwa teku, duk suna ɗaya ake kiran abin da suka yi. A wannan faɗin ma'ana ne rigimar da ke tsakanin yin suna da cancanta ta samu wurin zama.

Gasannin da aka sani iri biyu ne. Akwai waɗanda ake ƙayyade nisa a ga wanda zai riga isa, kamar kilomita 50 ko 100 ko mil 100, wato kusan kilomita 161. Akwai kuma waɗanda ake ƙayyade lokaci, awa 24 ko 48 ko kwana shida, a bar mutum yana zagaya fili ɗaya har lokacin ya cika, sannan a auna abin da ya ci. Mafi tsufa da girma a cikin manyan gasannin tana nahiyarmu: gasar Comrades ta Afirka ta Kudu, wadda aka fara a 1921 tsakanin Durban da Pietermaritzburg, kusan kilomita 90, kuma duk wanda bai ƙarasa cikin awa 12 ba ana rufe masa ƙofa ko da taku biyu ya rage masa. A Girka akwai Spartathlon, kilomita 246 daga Atina zuwa Sparta. A Maroko akwai tseren cikin yashin Sahara na kusan kilomita 250 wanda ake rabawa zango-zango, mai gudu yana goye da guzurinsa, kuma wani ɗan ƙasar, Lahcen Ahansal, ya lashe shi sau goma. Akwai ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masu wannan gudu, IAU, wadda aka kafa a 1984, ita ce ke tantance bajintar da aka kafa a kan hanyoyin da aka auna.

Wannan wasa ba ya cikin gasar Olympics, kuɗin kyauta a yawancin gasanninsa bai taka kara ya karya ba, wasu ma ba a ba wanda ya yi nasara komai sai lambar girma ko ƙarfen bel, kuma gidan talabijin ba zai ajiye kyamara awa 20 yana nuna mutum ɗaya yana sassarfa a daji ba. Saboda haka mai son ya ci abinci da wannan gudu ba daga filin gasa zai samu ba, sai daga kamfanonin takalma da tufafin wasanni, da rubuta littafi, da gayyatar yin jawabi, da yawan mabiya a intanet. Kamfani kuwa ba lallai ne ya nemi wanda ya fi kowa gudu ba. Wanda ya fi kowa jan hankalin jama'a yake nema. Daga nan suna ya rabu da gwaninta, kowanne ya kama hanyarsa.

Misalin da masu wannan wasa suka fi kawowa shi ne na Ba'amurke Dean Karnazes. A 2005 ya fitar da littafi game da rayuwarsa wanda ya yi kasuwa ƙwarai, ya shiga manyan shirye-shiryen talabijin, aka buga hotonsa a bangon mujallu. A 2006, da ɗaukar nauyin kamfanin The North Face, ya yi gudun fanfalaki 50 a jihohi 50 na Amurka cikin kwana 50 a jere, ya rufe da na birnin New York, wanda ya gama cikin awa uku da 'yan daƙiƙoƙi. Ga mutumin da ke kan titi, wannan shi ne sarkin masu dogon gudu, kuma sunansa kaɗai ya sani. Ga waɗanda ke cikin harkar kuwa, labarin ya sha bamban. A daidai shekarun nan Scott Jurek ya lashe gasar Western States ta mil 100 a Kaliforniya sau bakwai a jere, daga 1999 zuwa 2005, sannan Ann Trason ta lashe ɓangaren mata na wannan gasa sau 14, amma ba a san su a wajen da'irar masu gudu ba kamar yadda aka san Karnazes, wanda bai taɓa lashe wannan gasa ba ko sau ɗaya.

Adalci shi ne a faɗi cewa Karnazes ba ɗan cika baki ne da ba ya iya komai ba. Ya lashe gasar Badwater a 2004, kilomita 217 a Kwarin Mutuwa na Kaliforniya, a tsakiyar bazara, cikin zafin da ke kai ma'aunin 50, irin wanda mutumin Agadas ma zai nemi inuwa. Sai dai wata mata, Pam Reed, ta lashe gasar nan gaba ɗaya, maza da mata, a 2002 da 2003, Jurek kuma ya lashe ta a 2005 da 2006. Ba wanda ya zargi Karnazes da maguɗi. Abin da ya ɓata wa takwarorinsa rai shi ne yadda 'yan jarida suka riƙa gabatar da shi a matsayin wanda babu kamarsa, da kuma yadda ya fi karkata ga bajintar da shi ya ƙirƙira wa kansa, inda babu abokin karawa, maimakon shiga sahu ɗaya da gwanaye a busa usur. Masu kare shi suna cewa dubban mutane sun fara wannan gudu ne saboda labarinsa, kuma kuɗin da suka shigo harkar a bayansa kowa ya amfana da su. A ganina duka biyun gaskiya ne, kuma ɗaya ba ta goge ɗaya: ya yi wa wasan hidima, amma ba shi ne ya fi kowa ba, kuma bai wahalar da kansa wajen gyara wa masu cewa shi ne ba.

Wanda zai fahimci dalilin wannan ƙorafi sai ya dubi Yiannis Kouros na Girka. A 1997, a birnin Adelaide na Ostiraliya, ya yi kilomita 303 da 'yan kai cikin awa 24, wato fanfalaki bakwai da ɗoriya a yini ɗaya da dare ɗaya, a filin da aka auna, gaban alƙalai masu ƙirga kowane zagaye. Wannan bajinta ta tsaya shekara 24 ba wanda ya taɓa ta, sai a 2021 Aleksandr Sorokin na ƙasar Lituweniya ya karya ta, a shekarar da ta biyo baya kuma ya kai kilomita 319 a Verona ta Italiya. Idan masu harkar suka ce "cancanta", irin wannan suke nufi: hanya ɗaya, agogo ɗaya, shaidu da ba ruwansu da kai, da sakamakon da wani zai iya zuwa gobe ya gwada karyawa. Mu ma mun san wannan a dambe. Ba wanda ke ganin laifin ɗan dambe don ya fito yana yi wa kansa kirari, makaɗi yana zuga shi, domin kirarin ma wani ɓangare ne na wasan. Amma jama'a suna jira ne su ga ya naɗe hannu ya shiga fage da wanda ya isa. Mai kirarin da kullum yake zaɓen ranar da manyan ba sa nan, ba a daɗe ana ƙirga shi.

Akwai wata kalma da ta fito daga wannan harka wadda ita kanta tana ɗauke da taka-tsantsan, ana taƙaita ta da haruffa uku, FKT, ma'anarta "lokaci mafi sauri da aka sani". Ana amfani da ita ga gudun da mutum ya yi shi kaɗai a wata sananniyar hanya ba a cikin gasa ba, kamar ratsa wani tsauni ko wata ƙasa. Ba a ce masa bajintar duniya, saboda babu alƙali a wurin, kuma mai yiwuwa wani ya taɓa yin fiye da haka bai gaya wa kowa ba. Al'adar da aka kafa ita ce mutum ya sanar tun kafin ya fara, ya faɗi ko shi kaɗai ne ko da motar da ke bin sa da abinci, ya ɗaura na'urar da ke nuna inda yake a kowane lokaci, sannan ya saki bayanan agogonsa kowa ya duba. Agogon nan ba nisa kaɗai yake rubutawa ba. Yana rubuta bugun zuciya da yawan takun ƙafa a minti, kuma waɗannan biyun su ne suka fi tona asiri, domin mutumin da ke zaune cikin mota yana cin ƙasa amma ƙafarsa ba ta taku, zuciyarsa kuma a kwance take.

Abin da ya faru da Baturen Ingila Rob Young ke nan a 2016. Ya riga ya yi suna da littafi da labarin yawan fanfalakin da ya yi, sai ya tashi karya bajintar ratsa Amurka da ƙafa, wadda ta tsaya a kwana 46 tun 1980. Wani mai sha'awar gudu a jihar Kansas ya fita cikin dare don ya taya shi 'yan kilomitoci, sai ya ga motar rakiyar tana tafiya a hankali babu kowa yana gudu a gefenta. Da maganar ta bazu, wasu tsofaffin masu gudu suka je suka riƙa bin sa dare da rana, nan take saurinsa ya ragu, ba da jimawa ba kuma ya dakata saboda rauni a ƙafa. Kamfanin Skins da ya ɗauki nauyinsa ya sa masana biyu suka binciki bayanan agogon, suka kammala cewa a wurare da dama yana cikin mota ko a kanta ne, kamfanin ya raba gari da shi, shi kuwa ya ci gaba da musantawa. A ƙarshen shekarar Pete Kostelnick ya ratsa daga San Francisco zuwa New York cikin kwana 42 da awa shida da rabi, da agogo biyu a hannu da shaidu a hanya. Haka kuma a 2023 wata likita da ta taɓa wakiltar Birtaniya, Joasia Zakrzewski, ta karɓi kofin matsayi na uku a tseren mil 50 daga Manchester zuwa Liverpool, daga baya bayanai suka nuna ta yi mil ɗaya cikin minti ɗaya da daƙiƙa 40. Ta amsa cewa ta shiga motar wani da ta sani saboda ciwon ƙafa, ta ce ta gaya wa jami'ai ta janye, kuskurenta shi ne karɓar kofin. Hukumar wasannin guje-guje ta Birtaniya ta dakatar da ita shekara guda.

Ya kamata a bambance waɗannan da batun Karnazes, domin maguɗi daban, zuzuta kai daban, ko da yake ƙasa ɗaya ce ke tsirar da su: wasan da ake yinsa inda babu ido, lada kuma tana zuwa daga labari. Mun ga ɗan kwatankwacin wannan a Najeriya bayan zaɓen 2015, lokacin da matasa suka yi ta tattaki daga gari zuwa gari don taya 'yan siyasa murna, wani daga Legas har Abuja. Ana tarbarsu a kowane gari ana ɗaukar hoto, masu shakka kuma suna tambayar wanda ya ga abin da ya wakana tsakanin gari da gari da tsakar dare.

Wata rigimar ma ta bi ta ƙofar gidanmu. Wani matashi ɗan Ingila, Russ Cook, ya tashi daga ƙarshen kudancin Afirka a watan Afrilun 2023, ya bi ta gefen yamma, ta Angola, inda 'yan fashi suka tare shi da bindiga, ta Kamaru da Najeriya da Gana, ya tsallaka Sahara, ya isa ƙarshen arewacin Tunisiya ranar 7 ga Afrilun 2024, bayan kwana 352 da fiye da kilomita dubu 16. Miliyoyin mutane sun bi shi a bidiyo, ya kuma tara kuɗi masu yawa don ayyukan jinƙai. Ba a yi jayayya a kan cewa ya yi gudun ba. Jayayyar ta tsaya ne a kan kalma ɗaya, "na farko". Wata ƙaramar ƙungiya ta masu gudun zagaya duniya ta fito ta ce ɗan ƙasar Denmak, Jesper Olsen, ya riga ya ratsa Afirka daga garin Taba na Masar zuwa kusa da Cape Town, ya kammala tun 2010, a lokacin da ba kowa ke ɗauke da wayar ɗaukar bidiyo ba. Magoya bayan Cook suka ce nasu ya fara ne daga ainihin ƙarshen kudu ya ƙare a ainihin ƙarshen arewa, kuma hanyarsa ta fi tsawo da kilomita dubu uku da wani abu. Magoya bayan Olsen suka ce tsawon nahiya ba ya ƙaruwa don mutum ya zaɓi hanya mai lanƙwasa. Babu wata hukuma da ɓangarorin biyu suka amince ta raba gardamar, don haka har yau kowannensu yana riƙe da nasa "na farko".